Ƙullutu a wutsiyar ɓeran gida, jabil, hamsta ko degu: tambayoyi da amsoshi

Duk mai kiwon waɗannan ƙananan dabbobin, dangin ɓera da ake ajiyewa a keji don sha'awa, ya san yadda gaba ke faɗuwa ranar da ya ɗauki dabbarsa yana shafawa sai yatsa ya ci karo da wani ɗan tudu a wutsiya wanda jiya kamar babu shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa, na tattaro su wuri ɗaya. Wannan bayani ne kawai fa, ba zai maye gurbin hannun likitan dabbobi ba, shi ne zai taɓa ya gani.

Na ga ƙullutu a wutsiyar ɓerana, kansa ce ke nan, wato ciwon daji?

Ba lallai ba, hasali ma mafi yawan lokuta ba ita ba ce. Ƙari a wutsiya abu ne da ba kasafai ake gani ba in ka kwatanta da ƙarin mama ko na fatar gadon baya, shi ya sa ma likitoci da yawa za su yi shekaru suna aiki ba su ci karo da ko guda biyu ba. Kuma ko da ƙarin ne, ba kowane ƙari ne kansa ba, akwai mai zama wuri ɗaya ya yi ta girmansa ba ya taɓa kowa, akwai kuma mugun wanda ke cin naman da ke kusa da shi ya aika 'ya'yansa huhu. Matsalar dai ita ce daga waje duk kamarsu ɗaya. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, toh a nan kam bai sani ba, har idon likitan ma.

In ba ƙari ba ne me kuma zai iya zama?

Abubuwa da yawa, kuma su ake fara kawarwa kafin a kama sunan ƙari.

Na farko kuma wanda ya fi yawa shi ne ƙurji daga cizo. Mazan ƙaramin nau'in ɓera in aka haɗa su keji ɗaya faɗa suke yi ba ji ba gani, kuma wutsiya da ɗuwawu su ne wurin da mai gudu ke bari a baya, nan haƙori ke sauka. Ramin haƙorin ƙarami ne sosai, fata ta rufe cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cuta su rage a ciki, bayan sati sai ka ga kumburi mai ɗumi mai zafi in an taɓa. Mugunyar waɗannan dabbobin kuma sau da yawa kauri gare ta, ba ta gudana, shi ya sa ƙurjin kan yi tauri a hannu har mutum ya rantse ƙari ne.

Sai tsohuwar karaya. Wutsiya ta maƙale a ƙofar keji ko tsakanin wayoyin keken nan da suke gudu a ciki, ta karye ba ka sani ba, ƙashi ya ɗore da kansa ya bar ƙulli mai tauri, wani lokaci da ɗan lanƙwasa. Wannan ba ya ƙaruwa, yadda ka gan shi yau haka za ka gan shi bayan wata uku.

Akwai kuma zare ko gashi ko silin audugar nan mai laushi da ake sa musu a sheƙa, ya naɗe wutsiya ya shaƙe jini, ƙasan wurin ya kumbura ya yi ja sannan ya yi baƙi. Ka duba da kyau da fitila don zaren kan nutse cikin fata a daina ganinsa. Kusa da wannan akwai ciwon zobe da ke kama 'ya'yan ɓera in iskar ɗakin ta bushe da yawa, fatar wutsiyar ta tsuke zobe-zobe, tsakanin zoben ya kumbura, in ya yi tsanani bakin ya bushe ya faɗi. Danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100 shi ake so musu.

Jabil da degu kuma suna da tasu matsalar, in aka kama su ta wutsiya fatar na zamewa gaba ɗaya kamar an zare safa, ƙashi ya rage tsirara, daga baya ya bushe ya gutsure, dungulmin da ya rage ya warke da ƙulli a baki. Wanda ya karɓi dabbar daga hannun wani bai san tarihin ba sai ya ɗauka wani abu ne sabo.

Sannan, kar a yi dariya don yana faruwa sosai, 'ya'yan marainan namijin hamsta ko ɓera. Suna da girma in ka duba jikinsu, suna iya janye su ciki su kuma sauko da su, lokacin zafi sai su sauko su yi tulu-tulu a gindin wutsiya, sabon mai kiwo ya tashi hankalinsa a tashe. In kumburin biyu ne daidai wa daida dama da hagu kuma namiji ne, ka fara tunanin wannan.

To wane irin ƙari ne ke fitowa a wutsiya in ya tashi fitowa?

Wutsiya siririya ce amma duk abin da ke jiki akwai shi a ciki, fata, gindin gashi, jijiyoyin jini, jijiyoyin ji, agara, guringuntsi da ƙashi, kuma kowannensu na iya yin nasa ƙarin. Daga fata akwai fafiloma, mai kaushi mai kama da ɗan furen da ya tsiro, yawanci ba mugu ba, da kuma kansar saman fata wadda ita kan fashe ta zama gyambon da ba ya warkewa. Daga ƙwayoyin da ke ba fata launi akwai melanoma, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, tana farawa kamar tawadar Allah. Daga naman da ke ɗaure jiki akwai faibroma mara cutarwa da ɗan'uwansa faibrosakoma, mugu, mai tauri mai kafewa a ƙasa. Daga jijiyar jini akwai wanda kan yi ja ko shuɗi-shuɗi mai laushi, ɗan ƙwarzane kaɗan sai jini. Na ƙashi ma akwai, amma wannan a wutsiya sai an tona.

Wanda ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne aka fi kuskurewa sunansa kodoma. Lokacin da dabba take ɗan tayi akwai wata igiya da ke miƙe daga kai har wutsiya, a kanta ake gina ƙashin baya, in ginin ya kammala sai ta ɓace saura ɗan abin da ke zama tsakiyar faifan da ke tsakanin gaɓoɓi. Wani lokaci 'yan ƙwayoyinta kan maƙale a cikin ƙashi su yi shiru shekara da shekaru, sai rana ɗaya su farka su fara yawa. Shi ne kodoma. Dabbar da aka fi saninta da shi ita ce feret, wata 'yar doguwar dabba mai cin nama wadda ba dangin ɓera ba ce ma, a wurinta yana fitowa a can bakin wutsiya, dunƙulalle mai santsi mai tauri kamar kan kulki, gashin wurin ya zube. A ɓeraye an fi samunsa a ƙashin baya wajen ƙugu kuma a wurinsu yakan kai huhu, an kuma taɓa rubuta rahotonsa a wutsiyar degu. Yana girma a hankali, ba ya nuna zafi da farko, dabbar na ci tana wasa, shi ya sa ake barinsa wata da watanni ana cewa ai tsohuwar karaya ce. A madubin likita ƙwayoyinsa cike suke da ƙananan ramuka kamar kumfar sabulu, da wannan ake gane shi, in an yi shakka sai a ƙara wasu rini na musamman don a bambance shi da ƙarin guringuntsi, don suna kama ƙwarai.

Irin dabbar da shekarunta suna da tasiri?

Sosai ma. Ƙari ciwon manya ne galibi. Babban nau'in ɓera yakan yi shekara 2 zuwa 3, ƙaramin nau'in bai cika wuce 2 da ɗan abu ba, hamsta 2 zuwa 3, jabil 3 zuwa 4, degu kuwa yakan kai 6 zuwa 8. Saboda haka ɓera mai wata 20 dattijo ne, ƙullutu a jikinsa ya fi ba da tsoro fiye da na ɗan wata 3 wanda shi kam faɗa ko rauni za a fara zato. Jabil da ya wuce shekara 2 ƙari na yawan samunsa, sau da yawa a ƙullin ƙamshin nan da ke tsakiyar cikinsa, amma melanoma kan fito masa a kunne, ƙafa ko wajen gindin wutsiya.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, naman mama a jikin ɓera ba a ƙirji kawai yake ba, ya bazu daga wuya har zuwa matsematsi da kusa da gindin wutsiya, kuma har namiji na iya yin ƙarinsa. Don haka ƙullutu mai laushi mai zamewa ƙarƙashin fata a gefen gindin wutsiya zai iya zama na mama ne ba na wutsiya ba. A babban nau'in ɓera yawancinsa ba mugu ba ne sai dai saurin girma, a ƙaramin nau'in kuwa akasin haka, yawanci mugu ne.

Hamsta da ɓeran Masar fa da kusan ba su da wutsiya?

Su ma wurin na nan ai. Ɓeran Masar yana da wani ƙullin maiƙo a daidai inda wutsiya za ta kasance, a mazan yakan toshe ya yi danƙo ya kumbura, sannan akwai wani ƙari na gindin gashi da ke yawan fito musu a bayan ƙugu, in ya fashe wani abu mai kauri fari ko toka-toka ke fitowa, ba mugu ba ne amma matsewa ba ta raba shi da shi sai an cire jakar duka. Hamsta kuma in ka ga wani jan nama ya leƙo a ƙarƙashin wutsiya musamman bayan zawo, wannan ba ƙari ba ne, hanji ne ya zazzago, kuma na gaggawa ne, ranar nan za ka kai shi.

Me zan iya yi a gida kafin in ga likita?

Aunawa. Gaskiya shi ne abu mafi amfani da za ka yi kuma shi ne wanda kowa ke mantawa. Ka ajiye rula kusa da ƙullutun ka ɗauki hoto da waya, a wuri mai haske, ka rubuta kwanan wata da faɗinsa a milimita, bayan kwana uku ko huɗu ka sake daga kusurwa ɗaya. Kai da kake ganinsa kullum ba za ka lura yana girma ba, amma daga milimita 4 zuwa 7 cikin sati biyu magana ce babba, kuma likita zai fi jin daɗin wannan fiye da “kamar dai ya ɗan ƙaru”. Ka riƙa ɗora dabbar a ƙaramin sikeli mai auna giram sau ɗaya a sati, in ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta akwai abin da ke cinta ko da tana nuna maka lafiya lau, don su dabbobi ne da ake farauta, ɓoye ciwo a jininsu yake.

Sai ka lura da waɗannan: yana motsi ƙarƙashin fata ko a kafe yake, da ɗumi ko babu, tana janye wutsiyar in ka taɓa, tana lasa ko gatsar wurin, launin bakin wutsiyar ya canza, ya yi sanyi. Ka tuna ko an yi faɗa kwanan nan ko an kawo sabuwar dabba. In ana cizonta ka raba su.

Kwana nawa zan jira in gani ko zai baje?

In yana jini, ya fashe, yana wari, bakin wutsiyar ya yi baƙi, ko dabbar ta daina ci, babu jira. In ƙarami ne shiru kuma dabbar garau, sati ɗaya kana aunawa ba laifi, amma kar ya wuce biyu. Dalili kuwa wurin ne, ƙullutun da ke tsakiyar wutsiya yau ana iya yankewa a samansa a huta, in ya haura ya kai gindi kusa da dubura babu sauran fatar da za a ja a rufe, aikin da zai ɗauki ɗan lokaci ya koma babbar tiyata ko ma a ce ba zai yiwu ba.

In na kai shi me likitan zai yi?

Ka nemi wanda ya saba da ƙananan dabbobi irin waɗannan in da hali, don ba kowane likitan karnuka da kyanwa ne hannunsa ya faɗa da su ba, kuma ba abin kunya ba ne ka tambaya tun a waya. Zai tambaye ka tarihi, ya auna nauyi, ya lalube jikin gaba ɗaya ba wutsiya kaɗai ba, ya duba kaluluwa a matsematsi da bayan gwiwa, ya saurari ƙirji. Daga nan yawanci abu uku ne a jere, zuƙo ɗan abin da ke ciki da allura, hoton ƙashi, sai kuma cirewa a aika ɗakin gwaji. Ba kullum ake yin duka ukun ba.

An soka allura an zuƙo amma sakamako ya dawo wai ba a ga komai ba, asara na yi?

Ba asara ba ce duk da na san haushin da ake ji. Yadda abin yake, ana soka siririyar allura a ƙullutun a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi a rina a duba a madubin likita. In mugunya ta fito shi ke nan an gane ƙurji ne nan take, in baƙin launi ya cika ƙwayoyin an fara zargin melanoma, in irin ƙwayoyin kumfar nan ne cikin wani abu mai yauƙi an fara tunanin kodoma. Amma ƙari mai tauri irin na agara ko ƙashi rowar ƙwayoyi gare shi, ba ya saki, sai allura ta fito da jini kawai, na jijiyar jini shi ma jini za ta kawo, kuma ƙullutun da bai fi ƙwayar wake girma ba a wutsiyar da ke motsi ba abu ne mai sauƙin saitawa ba. Saboda haka “ba a ga komai ba” ba ya nufin babu komai, yana nufin allurar ba ta kawo amsa ba. Akwai kuma tarko guda, ƙarin da ya fashe ƙwayoyin cuta suka shiga zai ba da mugunya a sama alhali ƙarin na ƙasa, shi ya sa in an yi maganin ƙurji sati biyu tudun bai tafi ba a koma, kar a sake zagaye na biyu da na uku na magani ɗaya.

Hoton ƙashi dole ne?

In ƙullutun a kafe yake ko yana da tauri, ni dai zan ce a yi. Shi ne zai nuna ko ƙashin ya cinye, ko ya yi wani sabon tsiro, ko kuwa tsohuwar karaya ce da ta ɗore tsaf, kuma shi ke gaya wa likita a gaɓa ta nawa zai yanke. Wasu likitocin na amfani da na'urar hoton haƙori don ta fi fito da ƙananan ƙasusuwa. Tunda an riga an kwantar da dabbar, ka roƙa a haɗa da ƙirji, in akwai ɗigo-ɗigo a huhu lissafin gaba ɗaya ya canza. Sai dai hoton da ya fito fes ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, masu ƙanƙanta sosai ba sa fitowa.

Maganin barcin nan ba zai kashe min ita ba? Ƙarama ce fa.

Haɗarin na nan kuma ya fi na kare ko kyanwa, ba zan ɓoye ba, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Yanzu iskar gas ake shaƙa musu, aisofuluren ko makamancinta, ana rufe gas ɗin su farka cikin mintuna. Abin da ya fi kashe su a tebur sanyi ne da zubar jini. Jikin ƙarami ne, zafinsa na tsiyayewa da sauri, dole a sa abin ɗumi a ƙarƙashi. Jini kuwa ka yi lissafi da kanka, kusan kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki ne, wato ƙaramin ɓera mai giram 30 duk jininsa kusan mililita 2 ne, ɗigo huɗu ko biyar kawai sun kai kashi goma cikin ɗari na abin da yake da shi. Wani abu kuma, ba a hana su abinci tun dare kamar yadda ake yi wa kare, su ba sa iya amai, kuma yunwa na saurin kayar da sukarin jininsu. In tsoho ne mai ciwon numfashi, wanda ya zama ruwan dare a ɓeraye, ka faɗa wa likitan tun farko.

Me ya sa yake maganar yanke wutsiya, ba zai ɗan gutsuro kaɗan ya gwada tukuna ba?

A wani wurin na jiki haka ake yi, amma fatar wutsiya a manne take da ƙashi ba ta da rara, in ka yanko yanki ramin ba ya rufuwa da kyau, ka jawo ta da ƙarfi kuma ɗinkin ya shaƙe jini zuwa ƙasa. Ga shi za a sa ta barci sau biyu maimakon ɗaya. Shi ya sa in ƙullutun na tsakiya ko wajen baki, sau da yawa yankewa a gaɓa ɗaya ko biyu sama da shi ita ce gwajin kuma ita ce maganin lokaci guda. In yana can gindi ne inda aikin zai yi girma, nan kam yana da kyau a san ko mene ne kafin a ɗauki wuƙa.

An riga an yanke, ƙarin ya tafi, me kuma amfanin aika shi ɗakin gwaji?

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa don rage kashe kuɗi, na kuma fahimta, amma in za ka iya ka aika. Duk abin da aka yi a baya zato ne, wannan ne kaɗai ke ba da suna. Ana jefa naman cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, a yanka shi siriri fiye da gashi a rina a duba. Kar a sa shi a firiza, ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin ta lalata aikin. Tunda akwai ƙashi a ciki sai an fara jiƙa shi ya yi laushi kafin ya yanku, don haka sakamakon wutsiya kan ɗan fi na fata jinkiri, in ya kai sati biyu kar ka tayar da hankali.

Abu uku za ka nema a takardar. Sunan ƙarin, mugu ne ko a'a, sannan bakin yankan, wato ko an ga ƙwayoyin ƙarin sun kai har inda wuƙa ta bi. In bakin fes yake kuma ƙarin ba mugu ba, magana ta ƙare. In ba fes ba, ana iya ƙara yankewa sama tun bai dawo ba. In melanoma ce ko faibrosakoma ko kodoma, za ka san cewa dole ka riƙa laluben dungulmin da kaluluwa duk sati kana sa ido kan numfashi. Kuma tunda irin wannan ƙarin ba a cika gani ba, kusan duk abin da likitoci suka sani a kansa daga ɗaiɗaikun dabbobin da masu su suka yarda aka gwada ne.

Wani ya ce in ɗaure shi da zare ko roba zai bushe ya faɗi, ko in matse, ko in ba ta ragowar antibayotik da nake da shi.

A'a, duka ukun a'a. Ɗaurewa azaba ce ta kwana da kwanaki, naman ya ruɓe a jikin dabba tana raye, ƙwayoyin cuta su shiga jini, kuma saiwar ƙarin na nan a sama, garin neman gira a rasa ido ke nan. Matsewa in ƙarin jijiyar jini ne ka tuna lissafin ɗigon da muka yi. Antibayotik kuwa shi ne ma mafi haɗari, dangin fenisilin irin su amoksisilin, da kilindamaisin da eritromaisin, in aka ba hamsta ko ɓeran Masar ko cincila (ita ma dangin ɓera ce da ake kiwo) ta baki suna kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsu, masu dafi su mamaye, zawo ya biyo, dabbar ta mutu cikin 'yan kwanaki. Man shafawa ma ka yi hattara, duk abin da ka shafa a wutsiya cikinta zai ƙare don lashewa za ta yi.

Za ta iya rayuwa ba wutsiya? Za ta sake tsirowa?

Ba ta tsirowa, ba ƙadangare ba ce. Amma suna sabawa da sauri fiye da mu masu kallo. Ɓera da wutsiya yake daidaita jiki in yana hawa, da ita kuma yake fitar da zafi, jijiyoyinta na buɗewa jini ya zo ya huce, don haka wanda aka yanke wa da yawa ka sauko masa da kayan hawa ƙasa-ƙasa kuma kar ka bar kejin a wuri mai zafi. Satin farko shi ne aikin, gatsar ɗinki suke yi, kuma mafi yawan lokuta zafi ne ke sa su, in an ba da maganin zafi isasshe irin su meloksikam yadda likita ya auna sai ka ga sun ƙyale wurin. Ka shimfiɗa takarda mai laushi maimakon garin katako, ka cire keken gudu, jabil da degu a ɗage musu wankan yashi har sai ya warke. In ka ga ɓera ya takure, gashi a tsaye, ido a runtse, ko wani jan abu a gefen ido da hanci, wanda ba jini ba ne, wani ruwa ne da ke ƙaruwa in suna cikin wahala, to ka kira likitan.

Sauran da ke keji ɗaya za su ɗauka? Ni fa?

Irin ƙarin da muka ambata ba ya tsallakawa daga dabba zuwa dabba ko zuwa mutum ta taɓawa. Abin da ya ɗan fita daban shi ne wata ƙwayar bairos ta hamsta da ke jawo ƙananan ƙulluta da yawa a fata, ita tana yaɗuwa tsakaninsu ta fitsari, amma ba ta kama mutum. In dabbobi biyu ko uku suka yi ƙullutu a wutsiya lokaci ɗaya, ka nemi mai cizon a cikinsu ko ka duba kejin, akwai inda ke yankarsu. Mugunya kuma ko ta wace dabba ce a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

Tsohuwa ce sosai, ko likita ya ce ya riga ya kai huhu. In bar ta haka laifi ne?

Ba laifi ba ne in dai bari ne da kulawa. Ɓera mai shekara 2 da rabi da ƙaramin ƙullutu mai tafiyar hawainiya, wataƙila tsufa ya riga ƙarin, tiyata ba za ta ƙara mata komai ba. Abin da ake yi shi ne maganin zafi, shimfiɗa mai taushi da tsafta don wurin kar ya goge ya fashe, abinci da ruwa kusa da inda take kwana, awo duk sati kamar da. Wani lokaci kuma ko da ya bazu ana yanke wutsiyar don kawai a raba ta da gyambo mai jini da wari, wannan ma hanya ce. Ka zauna da likitan tun yanzu ku yanke alamomin da in an gan su za a sauƙaƙa mata, yawanci su ne daina ci kwana guda cur, numfashi da baki a buɗe, kasa gyara jikinta, ko ta fara cin wutsiyar da kanta, ka rubuta su a takarda ɗaya da wadda kake rubuta nauyinta.